Kiɗan Maƙeran Birmingham: Yadda Aikin Faya-fayan Kawu Ke Tafiya

11 ga Janairu, 2025

Yau na ɗauko kayan kiɗan marigayi Kawu daga Kakuri, a Kaduna. Akwatunan ƙarfe biyu irin na 'yan makarantar kwana, da wani kwali da aka ɗaure tamau da igiyar shanya. Inna, matar Kawu, ita ta jawo mini su daga ƙarƙashin gadonsa. Ta ce, "Ɗan nan, kwashe ka tafi da su. Tun yana da rai kai kaɗai ke zama ka ji wannan ƙarar tare da shi. In suka ƙara damina ɗaya a nan, gara ce za ta gaje su." Wata bakwai ke nan da rasuwarsa, Allah Ya jiƙansa da rahama.

Da na buɗe a tsakar gida warin kafur ne ya fara tarbata. Na ƙirga faya-fayan garmaho 138, manya masu inci 12, sai kaset 64. Cikin kwalin kuwa injin juya faifan ne, Pioneer PL-12D, wanda ya sayo a Ingila. Kawu makanikin injinan saƙa ne, kuma wurin aikinsa ne ya tura shi kwas a Birmingham daga 1971 zuwa 1974. Abokan tafiyarsa sun dawo da kwat da agogo da keken ɗinki. Shi ya dawo da wannan lodin, ya kuma ci gaba da ƙarawa a kai shekaru bayan haka.

Niyyata ita ce in wanke kowane faifai, in tayar da injin, in naɗe su duka a kwamfuta, sannan in rubuta abin da kunnena ya ji. Na ba kaina shekara guda.

25 ga Janairu

Mako biyu ina wanki. Tataccen ruwan nan nake sayowa wurin masu cajin batir, wanda ba shi da asid, in ɗiga masa sabulun ruwa ɗigo biyu kacal. Da ƙyalle mai laushi nake bin layukan faifan yadda suka kewaya, ba a ƙetare su, kuma ba a bari ruwa ya taɓa takardar tsakiya. In na gama sai in jera su a abin kife farantai su sha iska. Hunturun bana bai yi mini adalci ba: faifai na bushewa, ƙura ta sake manne masa kamar an kira ta. Yanzu sai na yayyafa ruwa a ɗaki na rufe taga kafin in fara.

Wani abu da ban sani ba sai yanzu: Kawu yana rubutu da biro a jikin takardar ciki ta kowane faifai. Wata da shekarar da ya saya, wani lokaci da unguwar, wani lokaci da kalma ɗaya ko biyu. A jikin ɗaya ya rubuta "albashin farko". A wani kuma "sanyi ya yi yawa yau". Rubutunsa ne sak, mai kwanciya gefen dama, irin wanda yake sa hannu da shi a katin sakamakona na firamare idan Baba ya yi tafiya. Na daɗe zaune da takardar a hannu.

An wanke 41. Biyu sun tsage, babu yadda za a yi da su.

8 ga Fabrairu

Injin ya tashi! Wani dattijo mai gyaran rediyo a Tudun Wada ya yi aikin. Da ya ɗaga farantin, sai ga bel ɗin ya narke ya zama kamar kwalta, ya manne wa ƙarfen. Ya kankare da kananzir da haƙuri, ya auna tsawon wurin da zare, muka aika Legas aka samo sabo. Wani ɗan ƙarfe da ke riƙe murfin ya karye, shi kuma a Panteka aka ƙera mana irinsa cikin rabin awa.

Na so in haɗa injin kai tsaye da lasifikar zamani, dattijon ya girgiza kai. Ya ce, "Yaro, ba haka ake yi ba. Lokacin da ake yanka faifai ana rage kaurin sauti a ƙara masa kaifi, don kada layin ya yi faɗi ya cinye wuri. Dole a sami amfilifaya mai ramin garmaho, ita ke mayar da kowane sauti mazauninsa." Na ce, "Baba, ashe abin da ilimi." Ya ce, "Da can mu ne injiniyoyin gari." Ya ciro wata tsohuwar amfilifaya daga bayan shago, muka yi ciniki.

Ya kuma gargaɗe ni da janareta. Motar wannan injin da bugun wutar take tafiya, bugu 50 a daƙiƙa, wanda shi ne na Najeriya kuma shi ne na Ingila. Ƙaramin janareta ba ya riƙe bugun daidai, sai ka ji jita tana tangaɗi. Na gwada, haka ne. Saboda haka naɗi sai ranar da aka kawo wuta mai ƙarfi.

13 ga Fabrairu

Da gangan na jira wannan rana. Ranar 13 ga Fabrairu, 1970, wata Juma'a, kamfanin Vertigo ya fitar da faifan farko na ƙungiyar kiɗa ta Black Sabbath. Yau shekara 55 cif. Kwafin Kawu yana da tambarin nan mai zane baƙi da fari wanda in faifan na juyawa sai ka ji kamar jiri zai ɗebe ka.

Na sauke allura. Ƙarar ruwan sama, tsawa, ƙararrawa daga nesa, sannan jita ta faɗo da sautuka uku kacal, a hankali, da nauyi kamar ana sauke buhunan siminti. Ina da shekara 11 lokacin da na fara jin wannan wurin a ɗakin Kawu, kuma na tuna na matsa kusa da ƙofa don tsoro. Ya yi murmushi ya ce, "Zauna, ɗan ƙanwata. Kiɗan maƙera ne."

Sai da na girma na gane zurfin maganar. A wurinmu kowace sana'a da kiɗanta: mahauta da kalangu, manoma da gangar noma, maƙera da dundufa. Su waɗannan samari huɗu, Tony Iommi da Geezer Butler da Bill Ward da Ozzy Osbourne, 'yan Aston ne, unguwar talakawa a Birmingham, garin da ya rayu da narka ƙarfe da buga shi. Ozzy ya yi aiki a kwata, ya kuma yi a masana'antar kayan mota yana gwada hon. Iommi kuwa yana da shekara 17 injin matse ƙarfe ya datse masa kan yatsu biyu na hannun dama, na tsakiya da mai bi masa, a ranar da zai bar aikin ya koma kiɗa. Bahago ne, don haka da hannun daman nan yake danna tsirkiya. An ce masa ya haƙura da jita. Shugabansa na wurin aiki ne ya kawo masa faifan Django Reinhardt, wanda gobara ta lalata wa yatsu biyu amma ya zama gwani. Iommi ya narka robar kwalbar sabulu ya yi wa yatsunsa hula, ya lulluɓe da fata, ya koma amfani da tsirkiya sirara. Daga baya ya sassauta ɗaurin tsirkiyar don rage zafin dannawa, kuma a faifansu na uku, na 1971, ya saukar da ita ƙasa sosai. Sassautawar nan ita ta ƙara wa sautin kauri da duhu. Wato rabin abin da duniya ke kira heavy metal daga raunin ɗan masana'anta ya fito.

Abin da ya fi kama ni a kiɗan nan shi ne guntun karin da jita ke maimaitawa tun daga farkon waƙa har ƙarshe. Turawa na ce masa rif. Ni take nake jin sa, kamar taken ɗan dambe ko taken sarki: gajere, ba ya ɓoyuwa, da an buga ka san wa ake nufi, kuma jikinka ke amsawa kafin tunaninka. Iommi sarkin take ne. A rana ɗaya suka naɗi faifan nan, a watan Oktoban 1969, kusan yadda suke bugawa a gaban jama'a, kuma ana jin haka. Babu kwalliya ko kaɗan.

Na naɗe fuska biyun da manhajar Audacity. Akwai 'yar ƙas-ƙas a farkon fuska ta biyu. Manhajar na iya gogewa, amma na bar ta. Allurar Kawu ce ta yi ta.

23 ga Fabrairu

Makon Deep Purple. Kawu na da guda shida, kuma daga yadda bangon Machine Head ya sha hannu na san shi ya fi sawa. Labarinsa sananne ne: sun je Montreux a ƙasar Suwizalan a Disamban 1971 da motar naɗi ta Rolling Stones, sai gidan cacar da za su yi aikin ya kama da wuta ana tsakiyar wasan Frank Zappa. Suka ƙare a barandar wani otal da babu kowa saboda sanyi, suka toshe ko'ina da katifu.

Mutane Ritchie Blackmore, mai jitarsu, suke yabo, kuma ya cancanta, amma ni kunnena yana wurin Jon Lord. Ya ɗauki ogan ɗin Hammond, irin wanda aka saba ji a coci, ya haɗa shi da amfilifayar jita ta Marshall, har muryarsa ta tsage ta koma gurnani. A faifan da suka naɗa kai tsaye a Osaka da Tokyo a Agustan 1972, akwai wuraren da sai ka natsu kafin ka rarrabe ogan da jita. A can ne kuma Ian Gillan ke mayar wa jita martani da murya, tana yi yana yi, kamar mawaƙi da 'yan amshinsa. Wannan ya fi mini duk abin da suka yi a ɗakin naɗi.

28 ga Fabrairu

Ana duban wata. Na rufe injin da zane, na mayar da komai akwati. Sai bayan Salla in Allah Ya kai mu. An wanke 90, an naɗe 22.

12 ga Afrilu

Na yi ɓarna, kuma har yanzu zuciyata ba ta huce ba. Na ciro faifan Led Zeppelin na biyu na jingina shi kusa da taga, aka kira ni waje, ban dawo ba sai bayan la'asar. Ranar Afrilu ta same shi awa uku. Ya lanƙwashe kamar malafa. Shekara 50 Kawu ya adana shi lafiya, ni na kashe shi a yini ɗaya. Na sa shi tsakanin gilasai biyu na ɗora littattafai masu nauyi, zan bar shi wata guda, amma dattijon ya ce kada in sa rai sosai.

Daga yau dokar ɗakin nan: faifai ba ya kwana a waje, ba ya kwanciya a kan ɗan'uwansa, a tsaye ake jera su, nesa da bangon da rana ke duka.

26 ga Afrilu

Na gama da sauran na Led Zeppelin. Na huɗu, na Nuwamban 1971, wanda ko suna ba su sa masa ba, lafiyarsa ƙalau. Waƙar ƙarshe a fuska ta biyu na maimaita sau biyar saboda gangunan John Bonham. A wani tsohon gida mai suna Headley Grange suka ajiye gangunan a zauren da matakala take, suka rataye makirufo biyu daga sama, ɗakin kansa ya zama rabin kiɗan. Duk wanda ya taɓa tsayawa a soron fada ana buga tambari ya san abin da nake nufi. Ba fatar kaɗai kake ji ba, ginin ma yana amsawa a ƙirjinka. Da Bonham ya mutu a Satumban 1980 sauran ukun suka ce ba za su ci gaba ba, kuma gaskiyarsu.

Amma zan faɗi ra'ayina. Led Zeppelin sun fi Black Sabbath ƙwarewa nesa ba kusa ba, sai dai Sabbath sun fi shiga raina. Akwai kuma abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya game da Zeppelin: sun ɗebi kari da baituka daga baƙaƙen Amurka masu kiɗan bulus ba tare da sun ambaci masu su ba, har sai da Willie Dixon ya kai su ƙara a 1985 aka sasanta, sunansa ya hau kan waƙar da ya yi ƙara a kanta. Duk wannan kiɗa, da rok ɗin da ƙarfen, daga gonar bulus aka ciro irinsa. Kawu ya san haka. A ƙasan akwati na biyu na tarar da Muddy Waters da Howlin' Wolf, kuma a jikin ɗaya ya rubuta "iyayen gida".

17 ga Mayu

Maƙwabcina ɗan Agadas ne, yana sayar da kayan azurfa. Yau yana wucewa ya ji Jimi Hendrix, makaɗin jita ɗan Amurka, ta taga, ya yi sallama ya shigo ba tare da na kira shi ba. Ya zauna a tabarma har fuskar ta ƙare, sannan ya ce, "Maigida, ai wannan ɗan garinmu ne." Muka yi dariya, amma da gaske yake. Ya ce a can samari sun tashi da kaset da bidiyon Hendrix da na Mark Knopfler suna kwaikwayo, Bombino, makaɗin jitar Abzinawa, ma ta nan ya bi. Ya ciro waya ya sa mini Mdou Moctar, wani makaɗin jita ɗan Nijar, wanda shi ma bahago ne kamar Hendrix da Iommi, kuma jitarsa ta farko da hannunsa ya haɗa ta da wayar birkin keke. Abin da ya ba ni mamaki shi ne kundinsa na farko a Sakkwato ya naɗe shi a 2008, da salon gyaran murya irin na waƙoƙin finafinan Hausa, waƙoƙin suka yi ta yawo daga waya zuwa waya a faɗin Sahara.

Muka kwashe awa biyu muna musaya, ni in sa faifai, shi ya sa waya. Hendrix ya mutu a Landan a Satumban 1970 yana da shekara 27, shekara guda kafin Kawu ya sauka Ingila. Da aka jera shi da jitar Abzinawa sai na ji abin da ban taɓa lura da shi ba: duka biyun suna iya zama a kan sauti guda su yi ta kewaya shi ba gajiya, kamar mai gurmi.

Na kuma nuna masa wanda Fela ya yi da Ginger Baker a 1971. Baker shi ne makaɗin gangunan Cream, ya ƙetare Sahara da mota ya zo Najeriya, ya kafa ɗakin naɗi a Ikeja. Kawu bai sayi wannan a Ingila ba. Rubutun ciki ya ce "Kaduna, 1976".

14 ga Yuni

Inna ta zo mana yawon Salla ta kwana biyu. Ta shigo ɗakin ta tarar na baje bangwaye a ƙasa ina ɗaukar hotonsu, idonta ya faɗa kan na Iron Maiden na 1982, mai dodo da shaiɗan da wuta. Ta yi salati ta ce, "Ɗan nan, wannan kam ko shi marigayin kife shi yake yi."

Ban yi mata musu ba, don ni ma ba na son hoton. Akwai bangwaye huɗu da na cire na adana daban, faya-fayan na sa su a farar takarda. Ni Musulmi ne, ina da yara a gida, ba kowane zane zan jingina a bango ba. Amma na zauna na karanta baitukan da ke cikin akwatunan nan ɗaya bayan ɗaya, kuma abin da na samu ya bambanta da abin da bangon ke nunawa. Geezer Butler, wanda ya rubuta yawancin baitukan Sabbath, a gidan 'yan Katolika masu riƙo ya tashi. Waƙoƙinsa tsoratarwa ce daga shaiɗan, da zagin manyan da ke tura 'ya'yan talakawa yaƙi su kuma suna gida, da bala'in makamin nukiliya, da yadda ƙwaya ke cinye mutum. Iron Maiden kuwa, wadda Steve Harris ya kafa a gabashin Landan a 1975, rabin waƙoƙinsu darasin tarihi ne da labaran yaƙe-yaƙe. Akwai na banza a ciki, na shaye-shaye da na alfasha, ba zan ɓoye ba. Waɗannan na naɗe su don cikar aiki, ba na komawa kansu.

Da dare bayan yara sun kwanta Inna ta ba ni labarin da ban taɓa ji ba. Ta ce shekarun da Kawu ya yi a ɗakin injinan saƙa sun cinye masa kunne. Ɗaruruwan injina na bugawa lokaci guda, ma'aikata da hannu suke magana. In ya dawo daga aikin dare ba ya iya barci, wai shirun gidan ƙara yake yi masa a ka. Sai ya sa faifai ƙasa-ƙasa, ya kwanta a siminti kusa da lasifika, ya ɗora tafin hannunsa a jikinta. "A nan barci ke ɗaukarsa," in ji ta. "Ni in zo in ɗage allurar in rufa masa zane." Ta ce tun tana jin haushin ƙarar har ta zo ta san wanda ya fi sa shi barci da wuri. Na ce ta nuna mini. Ta duba ta duba, ta ɗauko na uku na Sabbath, mai baƙin bango da rubutu shuɗi mai ja-ja. Na sa mata. Ba ta ce komai ba har ya ƙare, ni ma ban ce ba.

6 ga Yuli

Jiya aka yi taron bankwana na Black Sabbath a filin ƙwallon Villa Park, cikin Aston ɗin da suka tashi. Na sayi data mai yawa na zauna da waya har tsakar dare. Metallica da Slayer da Guns N' Roses da Pantera da wasu da dama, manyan da kowannensu ke cika fili shi kaɗai, duk sun zo sun yi 'yan mintoci sun sauka, kamar almajirai sun zo gaida malaminsu. An ce kuɗin da aka tara na asibitin yara na Birmingham ne da wani gidan kula da yara marasa lafiya da masu binciken cutar Parkinson.

Ozzy ba ya iya tsayawa saboda wannan cutar. A kan baƙar kujera aka fito da shi daga ƙarƙashin dandamali. Muryar tana rawa, amma tasa ce. Daga ƙarshe su huɗun na asali suka haɗu, karo na farko cikin shekara 20, suka yi waƙa huɗu. Bill Ward, mai shekara 77, ya tuɓe riga ya zauna wa gangunansa. Da kyamara ta matso kan hannun Iommi na ga hulunan nan a kan yatsunsa biyu, sai hawaye ya zo mini. Da Kawu ya ƙara shekara guda da 'yan kwanaki da tare muka kalla.

23 ga Yuli

Ozzy Osbourne ya mutu jiya, yana da shekara 76, kwana 17 bayan taron. Ƙanena ne ya turo mini labarin da daddare. Ban sa komai ba yau.

16 ga Agusta

Damina ta kawo nata. Na buɗe akwati na biyu na ga funfuna ta fara fari-fari a bangwaye bakwai. Na goge, na shanya a inuwa, na zuba gawayi a tsohuwar safa na jefa cikin kowane akwati ya riƙa shan laima. Kafinta zai yi mini kanta mai ƙafa, don su bar ƙasa gaba ɗaya.

Na shiga shekarar 1980, kuma a nan akwatin ya fi cika. Shekara ce ta ban mamaki. A cikinta Sabbath suka fito da sabon mawaƙi, Ronnie James Dio, bayan sun rabu da Ozzy. Judas Priest, su ma 'yan Birmingham, suka fitar da British Steel da jita biyu masu tafiya kafaɗa da kafaɗa. Iron Maiden suka yi na farko, Motörhead suka yi wanda ya fi shahara a nasu, AC/DC suka rasa Bon Scott a Fabrairu suka dawo da Brian Johnson a Yuli. Kiɗan ya ƙara gudu, ya ƙara kaifi, bulus ɗin ya ragu. Dio ya fi Ozzy murya, wannan ba abin gardama ba ne, kuma faifansa na farko da su yana cikin biyar da na fi so a ɗakin nan. Sai dai tsoron nan da na ji ina ɗan shekara 11 babu shi a ciki.

Duk waɗannan wani abokin Kawu ne, Bajamaike da suka yi kwas tare, yake aiko masa ta gidan waya. Daga 1982, lokacin tsuke bakin aljihu na gwamnatin Shagari, faya-fayan suka fara raguwa, kaset ya maye gurbinsu. Na ƙarshe mai kwanan wata 1984 ne. A shekarun nan masana'antun Birmingham ke ta rufewa, kuma masaƙun Kakuri ma bayan kimanin shekara ashirin suka bi sahu. In na bi ta gabansu yanzu, ciyawa ce ta fi bango tsawo.

6 ga Satumba

An wanke duka 136. An naɗe 97, saura 39, sai kaset da ban taɓa ba tukuna. Faifan da rana ta lanƙwasa ya ɗan miƙe, allura na bin fuska ta farko in na ƙara mata nauyi kaɗan, amma a ta biyu tsalle take yi. Na naɗi abin da ya samu na rubuta a gefe cewa laifina ne.

Allurar ta fara gajiya, ana jin sautin sama yana dushewa in an kusa tsakiyar faifai. Dattijon ya ce in dakata, tsohuwar allura cin layi take yi. Na ba da saƙon sabuwa, an ce mako uku. Kafin ta iso zan zauna in kwafe duk rubutun biron Kawu a littafi guda bisa jerin shekaru, in kai wa Inna ta gaya mini abin da ta tuna a kan kowanne. Ta ce in zo ranar Lahadi bayan azahar, in taho da na ukun nan a waya.